Kafin kifi ya shiga sabon akwatin gilashi, sai an raini ruwan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu sayar da kifin ado a Legas ya san yadda cinikin yake tafiya. A rana ɗaya ake haɗa maka komai: akwatin gilashi, tsakuwa mai launi, filta, fitila, da leda ɗaure da kifaye goma ko sha biyar. Ka koma gida Agege ko Idi-Araba, ka cika akwatin da ruwan burtsatse, ka juye kifin, yara su zagaye suna ta murna. Kwana uku komai lafiya lau. Daga na huɗu zuwa na goma sai ka ga wani ya taso saman ruwa yana haki, wani ya lafe a ƙasa ya naɗe jiki, da asuba kuma a riƙa tsamo gawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan kuwa garau, kamar ka ɗiba ka sha. Sai a ce dama marasa lafiya aka sayar maka, wasu ma su ce kambun baka ne. Galibi ba ko ɗaya. Kifin ya mutu ne a cikin dattin jikinsa, saboda an zuba shi a akwatin da babu mai kwashe wannan dattin tukuna.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba, dare da rana. Mafi yawanta tana fita ne ta jajayen tsokar nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, wadda yake numfashi da ita. Abincin da ya nutse ya ruɓe, da kashi, da ganyen da ya mutu, duk amoniya suke komawa. A kogin Ogun yawan ruwa ne ke tafiya da ita, amma a akwati mai lita 60 ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙone wa kifi wurin numfashi. Ba ta da launi, don haka ido ba ya gane ta.

Masu kwashe ta ƙwayoyin bakteriya ne, rukuni biyu, kuma aikinsu hannu da hannu ne. Rukunin farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda za ka ga an rubuta NO2 a jikin kwalbar gwaji. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali ruwan cike yake da iska. Rukuni na biyu su ke mayar da NO2 zuwa naitiret, wato NO3, wanda kifi ke iya zama da shi in bai yi yawa ba, kuma canjin ruwa ke rage shi. Tun 1890 masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙasar noma. An daɗe ana cewa Nitrobacter ce ke aiki na biyun a akwatin kifi, sai a 1998 bincike ya nuna Nitrospira ce ta fi yawa a wurin. Sunayen ba su ne damuwarka ba. Abu biyu za ka riƙe game da su: ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa, kuma haihuwarsu nawa gare ta. Ƙwayar da ke lalata miya tana iya ninka kanta cikin minti 20 zuwa 30, su kuwa waɗannan sai su ɗauki wuni guda ko fiye kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa rainon waɗannan ƙwayoyi a sabon akwati ke cin mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas. Ajiye ruwa kwana biyu "ya kwanta", kamar yadda ake yawan faɗa wa masu saye, ba ya haifar da komai, domin ba a ba ƙwayoyin abinci ba.

Kayan da ba a yi sai da su

Fara da sanin girman akwatinka. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 35 zai ba ka lita 63, in ka cire tsakuwa da ɗan gurbin sama, lita 55 ke nan. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka duba teburin da kyau.

Filta a ganina ta soso ce ta fi dacewa da Legas, wadda famfon iska ke turawa, kuma dalilin zai zo idan mun kai maganar wuta. In ta lantarki ce mai jan ruwa, a nemi wadda za ta juya ruwan akwatin sau huɗu ko biyar a awa.

Abin da mutane suka fi ƙyashin saye shi ne kayan gwajin ruwa, alhali shi ne idonka a wannan aiki. Na ɗigawa ya fi na 'yan takardun tsomawa, domin yawancin takardun ba sa auna amoniya. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na kamfanin API, mai ɗauke da gwajin pH (ma'aunin tsamin ruwa, wanda ƙasa da 7 ke nufin tsami), amoniya, NO2 da NO3. Ana ɗibar ruwa mililita 5 a 'yar kwalba. Amoniya ɗigo takwas-takwas daga kwalabe biyu, ruwan ɗorawa na nufin babu, kore na nufin akwai. NO2 ɗigo biyar, shuɗi mai haske babu, shunayya akwai. NO3 ɗigo goma-goma, kuma nan ne aka fi yin kuskure: kwalba ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a sake girgiza ruwan gwajin minti ɗaya, a jira minti biyar. Wanda ya yi kasala a nan zai ga sifili alhali akwai shi. Ma'aunin da ke jikin katin, ppm, miligiram ne a kowace lita.

Ruwan Legas

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin shawarar da ake karantawa daga Ingila ko Amurka an gina ta ne a kan ruwan famfonsu. Mu akasarinmu ruwan burtsatse muke sha, ko na 'yan garuwa. Ruwan burtsatse a unguwanni da dama na Legas yana da tsami, pH ɗinsa kan sauka ƙasa da 6, kuma ba shi da gishirin kabonet ɗin da ke riƙe pH. Ƙwayoyin da muke raino kuwa da pH ya sauka ƙasa da 6.5 aikinsu ke ja baya, a wajen 6 kuma kusan su tsaya cak. Sun fi sakewa tsakanin 7 da 8. Bugu da ƙari, aikin nasu da kansa yana ƙara wa ruwa tsami: duk miligiram ɗaya na naitirojin ɗin cikin amoniya da suka sarrafa yana cinye wajen miligiram bakwai na wannan kabonet ɗin. To ka ga ruwan da dama ba shi da shi, cikin mako biyu zai ƙare, rainon ya tsaya, mai akwati yana ta jira bai san dalili ba.

Don haka gwada pH tun ranar farko, amma bayan ruwan ya kwana famfon iska na kaɗa shi, domin ruwan da ya fito daga ƙasa yana ɗauke da iskar kabon da ke ƙara masa tsami, idan ta fice pH kan ɗan hau. In har yanzu yana ƙasa da 7, a narka ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bekin soda a kofi a zuba wa kowace lita 50. Bekin soda fa, ba bekin foda na kek ba, wannan akwai sitaci da sinadarin tsami a cikinsa. Kada kuma a ce kanwa za ta maye gurbi. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, tana cilla pH sama farat ɗaya, ga ƙasa da datti. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne niƙaƙƙen ɓawon kawa na teku, irin wanda masu kiwon kajin ƙwai ke haɗawa a abinci. A wanke cikin tafin hannu ɗaya sosai, a ɗaure a tsohuwar safa mai tsabta, a ajiye kusa da filta. Yana narkewa ne a hankali gwargwadon tsamin ruwan.

In ruwan ya fito fari amma ya koma ja-ja bayan ya sha iska, ƙarfe ne a cikinsa, abin da mazauna wajen Lekki da Ajah suka sani sarai. A bar shi a baho da iska kwana ɗaya ko biyu, jan ya kwanta, a tsiyaye na sama. Wanda kuma ke samun ruwan famfon gwamnati daga matatun Iju ko Adiyan, ko mai gidansa na zuba kulorin a tankin sama, to kulorin kashe ƙwayoyi aka yi shi, bai san na kirki da na banza ba. A sa maganin cire kulorin kafin ruwan ya taɓa filta. Seachem Prime, misali, mililita 5 ne ga lita 200. In daga mai garuwa za ka saya, tambaye shi da girmamawa: Malam, wannan jarkar ta taɓa ɗaukar kananzir ko ruwan omo? Kaɗan daga ɗayansu ya isa ya ɓata aikin wata guda. Bokitin kifi ma a ware shi daban, kada sabulu ya taɓa shi.

Ciyar da abin da ba ka gani

An jera tsakuwa, an cika ruwa, filta na aiki, babu kifi. Yanzu sai a ba ƙwayoyin amoniya da hannu. Hanya mafi tsabta ita ce garin amoniyam kulorayid, wanda ake nema wajen masu sayar da sinadarai, kamar na kasuwar Ojota. A auna giram 30 a narka a rabin lita na ruwa, a rubuta suna a jikin gorar, a ɗaga ta inda yara ba za su kai ba. Mililita ɗaya na wannan haɗin ga kowace lita 10 zai ba ka kusan ppm 2. Akwatinmu mai lita 55 ke nan mililita biyar da rabi, sirinji ya isa aunawa. Bayan awa ɗaya a gwada a tabbatar. Kada a wuce ppm 2 zuwa 3 da tunanin yawan abinci zai hanzarta su. Duk ppm ɗaya na amoniya yana zama kusan 2.7 na NO2, sannan 3.6 na NO3, katin gwajin NO2 kuma a 5 ya tsaya. In ka cika hannu, za ka shafe makonni kana kallon shunayya ba ka san ko sauka yake ko hawa ba.

Wanda bai samu garin ba, ya yi amfani da abincin kifi: ɗan tsunkule da yatsu biyu kullum, kamar akwai kifaye biyar a ciki. Ko ɗanyen jatan lande guda ɗaya a ɗaure a ƙyallen raga a jefa. Duka suna aiki, sai dai ba ka da iko da adadin, ruwan kan yi wari da fari-farin gansakuka, kuma sai an jira kwanaki kafin ruɓar ta fara ba da amoniya.

Akwai hanyar rage kwanakin, kuma duk wanda ya ga yadda ake kafa kindirmo ya san ta: ɗan tsohon nono ake zubawa a sabuwar madara. Nemi wanda akwatinsa ya haura wata shida kifinsa na cikin ƙoshin lafiya, ka roƙi gutsuren sosonsa, ko ya matse maka dattin soson a leda. Wannan baƙin ruwan da kake ƙyama shi ne irin. A zuba shi kan sabon soso. Ruwan tsohon akwati zalla ba ya amfani sosai, tunda ƙwayoyin ba a ruwa suke ba. A hanya, sa soson a leda da ruwa kaɗan da iska mai yawa a sama, kada ya bushe, kada rana ta dafa shi a cunkoson mota. Da iri mai kyau rainon kan iya kammala cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba, irin su Tetra SafeStart, suna taimakawa in suna da rai, amma kwalbar da ta sha zafi a kwantena da kan kantar shago ba lallai ta yi komai ba. Duba kwanan watanta, kuma ko ka zuba, gwaji ne zai yanke hukunci.

Daga nan sai gwaji duk bayan kwana biyu, ana rubutawa a littafi. Makon farko yawanci shiru, amoniya na nan inda take. Ruwan na iya yin fari kamar an ɗiga madara. Wasu ƙwayoyi ne daban masu saurin yaɗuwa, za su lafa da kansu, kada a canza ruwa saboda su. Tsakanin kwana 7 da 14 amoniya za ta fara sauka, shuɗin gwajin NO2 ya fara juyawa shunayya. Idan amoniya ta kai sifili, a ƙara rabin awon farko duk bayan kwana biyu ko uku, kada a bar su da yunwa, kada kuma a cika. Sai zango mafi tsawo, inda NO2 ke maƙalewa a sama mako biyu ko uku, nan ne haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa. In launin ya wuce ƙarshen katin, a canza rabin ruwan. Canjin ruwa ba ya mayar da aiki baya muddin ba a taɓa soson ba. A riƙa duba pH duk mako, in ya gangaro 6.5 a ƙara rabin cokalin bekin soda. Saukar NO2 kuwa sau da yawa farat ɗaya take zuwa: jiya shunayya, yau shuɗi.

Zafi kam Allah ya hutar da mu. Ƙwayoyin sun fi son digiri 25 zuwa 30, ruwan ɗaki a Legas kuma nan yake zama kusan duk shekara, ba a buƙatar hita sai a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke kwana a kunne.

Wuta da sauro

Ƙwayoyin nan da oksijin suke aiki, kuma suna shan ta da yawa. Idan aka ɗauke wuta, filtar da ke rufe a cikin gwangwani a wajen akwati iskarta kan ƙare cikin 'yan awoyi, ruwan ciki ya fara wari, in wuta ta dawo kuma ta watsa shi cikin akwatin. In ta kwana a kashe, a buɗe ta a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna. Soso kuwa a tsakiyar ruwan akwatin yake zaune, don haka ya fi jure rashin wuta nesa ba kusa ba, kuma ɗan famfon iska mai igiyar USB, wanda bai fi cin wat ɗaya ko biyu ba, yana tafiya da fawa bankin cajin waya tsawon dare. A gwada tun da rana, domin wasu fawa bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. In babu ko ɗaya, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama na 'yan mintuna duk bayan awa ɗaya ko biyu.

Ga wani ƙaramin abu da ke jawo babbar ɓarna: famfon iskan da aka ajiye a ƙasa. Da wuta ta ɗauke, ruwa na iya biyo siririn tiyon ya gangaro cikin famfon, ya jiƙa soket, ya malale ɗaki. A ɗora famfon sama da bakin ruwa, ko a sa ɗan bawul mai hana ruwa komowa a jikin tiyon.

Akwati cike da ruwa babu kifi har wata guda gayyata ce ga sauro. A rufe shi da murfi ko gidan sauro, a bar kumfar iska tana motsa saman ruwan, in an ga tsutsa a kwashe da raga. Maganin sauro kuwa, na fesawa da na ƙonawa da fiya-fiya, ƙa'idarsa ta fara tun yanzu har bayan kifi ya shigo: kafin a fesa a kashe famfon iska, domin iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, sai an buɗe tagogi warin ya fita a kunna. Sinadaran da ke cikin waɗannan magunguna suna kashe kifi ko da kaɗan ne ƙwarai.

Yaushe ya nuna?

Ranar da ka ga amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 kuma ya yi ruwan goro ko ja, kada ka ruga shago tukuna. Zuba cikakken awo na ppm 2, ka jira awa 24, ka gwada. In duka biyun sun koma sifili, maimaita washegari. In an sake samun haka, akwati ya nuna. Sai a canza kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ruwan don NO3 ya sauko ƙasa da ppm 20, da ruwan da aka shirya kamar na farko, mai pH kusa da na akwatin. A daina zuba amoniya, a kawo kifi cikin kwana ɗaya ko biyu. In tafiya ta taso, a ci gaba da ba ƙwayoyin ɗan awon amoniya duk bayan kwana uku har a dawo.

A fara da kaɗan, ƙananan kifaye biyar ko shida a lita 55, a jira mako biyu ana gwaji kafin ƙari. Ƙananan kifayen ado irin su gofi da filati da moli suna son ruwa mai ɗan gishirin kabonet, don haka a bar musu safar ɓawon nan a ciki. Wanda ruwansa ke da ƙarancin wannan gishirin da ɗan tsami ya duba kiribensis, ɗan kifin nan mai jan ciki, wanda asalinsa ma kogunan kudancin Najeriya ne. Kifin zinariya kuwa, duk da shi aka fi tallatawa, yana girma ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, dattinsa na da yawa, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Ba na ƙaramin akwati ba ne.

Idan kuma karatun nan ya same ka kifi na ciki, ba a makara ba. Gwada ruwan yau. Duk lokacin da amoniya ko NO2 ya haura ppm 0.5, canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan, ko da kullum ne. Rage abinci zuwa sau ɗaya a kwana biyu, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ga lita 50 yana rage shigar NO2 cikin jininsu, dabarar da masu kiwon tarwaɗa suka daɗe da sani. Amma a nan a yi hattara da bekin soda: ɓangaren amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma daga pH 7 zuwa 8, don haka ɗaga pH da sauri alhali akwai amoniya da kifi a ciki na iya kashe su a dare ɗaya. Ɓawon kawa kawai za a sa, ya yi aikinsa sannu a hankali.

Bayan wata ɗaya ko biyu soson zai yi baƙi, kumfa ta ragu, hannu zai yi ƙaiƙayin kai shi bakin famfo a wanke shi tas. A ranar canjin ruwa, tara ruwan da ka zuƙo daga akwatin a bokiti, ka matse soson a ciki sau uku ko huɗu, ka mayar da shi da sauran launinsa na ƙasa-ƙasa. In ya tsufa har ya fara yagewa, sa sabon kusa da shi su yi wata guda tare kafin ka cire tsohon.